Mastas a dizain na shafin intanet da kula da kontent, ya cancanci wahalar?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayar taki har sau biyu. In na fahimce ki daidai, digirinki na farko a fannin laburare kika yi, daga baya kika koyi WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da kanki, yau shekara uku kenan kina haɗa wa mutane shafuka, yanzu kuma kina tunanin komawa makaranta ki yi mastas a dizain na shafin intanet da kula da kayan cikinsa, amma abu biyu sun tsaya miki a rai. Na farko ke ba 'yar kwamfuta sayans ba ce, kina tsoron kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, zai kada ki, na biyu kuma ana ta ce miki asarar kuɗi ce tunda komai yana YouTube kyauta. To bari in faɗa miki iya abinda na sani, ni na yi irin wannan kwas ɗin, na daɗe a cikin aikin, kuma furojet ɗin ɗalibai da dama ya bi ta hannuna, dan haka ba labari aka ba ni ba.

Masu ce miki komai yana YouTube ba ƙarya suka yi ba, rabin zancen dai suka faɗa. In abinda kike nema shi ne yanda ake jan akwati a Elementor, abin haɗa fejin WordPress ba tare da kod ba, ko yanda ake saka filogin ɗin karɓar kuɗi a WooCommerce, abin buɗe shago a WordPress, dan Allah ki riƙe kuɗinki, babu jami'ar da za ta koya miki wannan fiye da yaran da ke yin bidiyo a ɗakinsu, sun ma fi lakcarorin saurin sanin sabon abu. Kuma kayan aikin nan ba sa jimawa. Lokacin da na fara Flash ne sarki, manhajar sa abubuwa motsi a shafi, wanda bai iya shi ba ba a ma lissafa shi cikin dizainoni, akwai waɗanda suka ƙarar da simista guda cur a kansa, yau ina yake? Adobe mai shi da kanta ta rufe shi a ƙarshen 2020, burauzoji suka daina buɗe shi. Da a Photoshop muke zana shafi, aka koma Sketch, Figma ya fito a 2016 ya kwashe kasuwar. Shi kansa WordPress ɗin naki, wanda ya ƙware a kansa kafin Disambar 2018 da aka kawo editan Gutenberg sai da ya sake komawa ɗan koyo. Kinga in dan manhaja kika biya kuɗin mastas, kafin ki gama biyan bashin ma manhajar ta canza kama.

Abinda mastas mai kyau ke bayarwa daban ne, kuma abin dariyar shi ne ke da kike raina kanki kin fi yawancin waɗanda za ki tarar a ajin shiri a ɓangaren da ya fi wuya. Kowa idonsa na kan rabin farko na sunan kwas ɗin, dizain, kala, hoto, abu ya motsa in an taɓa shi. Rabi na biyun, wato kula da abinda ke cikin shafin, kallon aikin sakatare ake masa, alhali a nan ne shafuka ke mutuwa.

Bari in ba ki misali da abinda ya faru da ni. Na taɓa karɓar aikin wata ƙungiya, wai shafinsu ya tsufa, a canza musu kala a sa manya-manyan hotuna. Da na shiga ciki sai na tarar ba kala ce damuwarsu ba. Shekara da shekaru duk taron da za su yi, wani ma'aikaci ne zai buɗe sabon feji ya rubuta komai a dunƙule, sunan taron da rana da wuri da masu jawabi duk a sakin layi ɗaya, wani lokacin ma fosta ce kawai aka ɗauki hotonta aka liƙa, ranar tana cikin hoton. Sai shugabar ta ce tana so a fejin farko a riƙa nuna taruka uku masu zuwa, wanda ya wuce ya sauka da kansa. Na ce ranki ya daɗe a yanda abin yake ba zai yiwu ba, domin kwamfuta ba ta san wannan "12 ga wata" da ke tsakiyar jimla rana ba ce, a wajenta rubutu ne kamar kowane rubutu. Ta bi ni da wani kallo kamar hanyar ƙarin kuɗi nake nema. Sai da muka zauna da takarda da biro muka ce to wai menene taro? Yana da suna, yana da ranar farawa da ta gamawa, yana da wuri, yana da mai jawabi, kuma shi mai jawabin abu ne mai zaman kansa da sunansa da hotonsa da ɗan tarihinsa, dan kar in ya zo taro goma a rubuta shi sau goma, ranar da ya canza muƙami a rasa inda za a fara gyara. Kowanne aka ware masa gurbinsa. Daga nan abinda take so ya zama aikin minti kaɗan.

Tag ɗinsu kuwa, wato kalmomin da ake liƙa wa rubutu dan rarraba shi, ba a magana. Na samu "lafiya", na samu "Lafiya" da babban baƙi, ga "kiwon lafiya", ga "kiwon-lafiya" da karan ɗori, ga "asibiti", duk abu ɗaya ake nufi, kowa ya zo ya ƙirƙiri nasa, mai karatu in ya danna ɗaya sai ya ga kashi kaɗan na abinda aka rubuta ya ɗauka shikenan. Dizain ɗin da suka kira ni dominsa sati biyu ya ci. Tantance tsoffin fejuka, wanne za a bari, wanne za a haɗe, wanne za a zubar, da yi wa kowane tsohon adireshi turawa ta 301 zuwa sabon dan kar linkin da mutane suka ajiye da wanda Google ya sani su koma 404, wato ba a samu fejin ba, wannan ya ci kusan wata uku. Da na bi tasu na shafa kala a kai kawai, da kitso aka yi da kwarkwata.

To ke faɗa min, wannan ba katalog ba ne? Ba shi kuka kwana kuna yi a digiri ba, marubuci a gurbinsa, take a gurbinsa, kan magana daga jerin kalmomin da aka amince da su ba wanda kowa ya ga dama ba? Ko Dublin Core ɗin da na tabbata kin ci karo da shi, wanda ya samo asali daga wani taro a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka a 1995, mai gurabe 15, dama dan bayyana kayan intanet aka yi shi. Schema.org da Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, wanda ke sa ki ga rana da wurin taro sun fito tun a sakamakon bincike, tunaninsu ɗaya. Ɗan kwamfuta sayans zai riga ki rubuta kod ɗin, amma ki tambaye shi wane gurbi ya kamata a yi wa labari wanne ga sanarwa, sai ki ga ya fara sosa ƙeya.

Akwai kuma maganar waye ke da ikon me, wadda ba wanda ke son yi saboda ba ta da armashi. WordPress ya zo da matsayi daban-daban, admin, edita, marubuci, mai ba da gudummawa wanda zai rubuta amma ba zai iya wallafawa ba, da mai rajista kawai. Amma ki shiga shafukan ƙungiyoyi ki gani, kowa admin ne har wanda ya bar aiki shekara biyu da suka wuce. Waye ke rubutawa, waye ke dubawa kafin ya fita, bayan wata nawa ake sake leƙa feji a ga ko bayanin ya tsufa, waye ke da hurumin gogewa. Kwas mai kyau zai sa ki rubuta wa ƙungiya wannan tsarin a takarda ki kare shi. In kina son ganin inda aka ɗauki abin da gaske ki duba GOV.UK na gwamnatin Birtaniya da aka buɗe a 2012, suka tattaro shafukan ma'aikatu da hukumomi da ke warwatse zuwa wuri ɗaya, kuma dokarsu ita ce kowane feji sai an faɗi buƙatar da yake biya wa ɗan ƙasa kafin a yarda a rubuta shi. Ba shi da wani ado ko kaɗan, baƙin rubutu ne a kan fari, amma a makarantun dizain ana koyar da shi.

Abu na biyu da YouTube ba zai ba ki ba shi ne kallon mutum yana amfani da abinda kika gina ke kuma an hana ki magana. Wallahi ranar farko da na yi wannan gwajin sai da na ji kamar in nutse. Na gina fom ɗin rajista ina ji da shi, aka kawo wani dattijo aka ce ya cike, ya kai ƙarshe yana neman inda zai tura, maɓallin yana gabansa ɓaro-ɓaro amma na yi shi ruwan toka mai haske saboda a idona ya fi kyau, shi kuwa ya ɗauka a kashe yake, ya koma sama ya sake duba ko akwai abinda bai cike ba, ya sauko, ya sake komawa, ni ina zaune a gefe hannuna har ƙaiƙayi yake in nuna masa, malamar tana harara ta. Ƙarshe ya ce "ina ga ya lalace ne" ya ajiye. Mutum na biyu da na uku ma a nan suka tsaya. Jakob Nielsen ya daɗe da nuna cewa mutum biyar sun isa su fito miki da mafi yawan manyan matsalolin da ke shafi, ba sai kin tara ɗari ba, gara ki gwada da biyar ki gyara ki sake gwadawa da wasu biyar. Amma yanda ake tsara aikin da za a ba mutum ba tare da an saka masa amsa a baki ba, yanda ake hira da shi, yanda ake raba wa mutane katuna su jera kawunan magana yanda suke ganin sun dace kafin ki tsara menu, da yanda za ki bambance abinda mutum ya ce da abinda ya aikata, wannan sai da wani a kanki yana tsinka miki aiki. Kwastoma ba zai yi miki wannan ba, shi dai ya ga tambarinsa ya yi girma.

Sai maganar masu buƙata ta musamman, makafi da masu raunin gani da waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta. Akwai ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa musu amfani da shafi, na hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, 2.0 ya fito a 2008, 2.1 a 2018, 2.2 a 2023, kuma ba wa'azi ba ne, lambobi ne da ake aunawa, misali rubutu na yau da kullum dole bambancin haskensa da na bangon da yake kai ya kai 4.5 a kan 1 a matakin AA, wato maɓallina na ruwan toka da tun a nan zai faɗi. Ki gwada yau ɗin nan, ki buɗe ɗaya daga cikin shafukanki ki ajiye linzami gefe ki bi shi da maɓallin Tab kawai, sannan ki sauke NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi sikirin, kyauta ne, ki rufe ido ki saurari yanda yake karanta miki shi. In kika ji yana ta cewa "hoto, hoto, linki, linki" ba bayani, to haka makaho ke jin aikinki. Kuma abin ya wuce tausayi ya zama doka, a Tarayyar Turai tun 28 ga Yunin 2025 dokar ta hau kan shafukan kasuwanci da na bankuna da makamantansu, shi ya sa wanda ya iya wannan da gaske ba ya rasa mai nemansa. In kwas bai ambaci wannan ba ko a layi ɗaya, ni a wajena ya faɗi.

Wani ɗan abu ma da mu ya fi shafa, haruffa masu lanƙwasa. Za ki zaɓi font mai kyau, ki rubuta "ƙasa" sai ki ga ƙ ɗin ta fito da wata siffa daban ko ta koma akwati, saboda font ɗin ba shi da ita burauza ta aro daga wani. Sannan mai bincike ya rubuta "kasa" ba lanƙwasa, shin injin binciken shafinki zai kawo masa "ƙasa"? In ya kawo, ya za ki yi da inda ma'anar ta bambanta? Irin wannan kaɗai ya isa tesis, kuma kusan duk harshen da ke da haruffan da Turanci ba shi da su yana fama da irinsa. Na ɗan kauce, mu koma.

Kodin. Eh akwai shi, kar wani ya yaudare ki, amma ba irin na masu lissafin algoridim ba ne. Abinda ake so shi ne ki iya buɗe fayil fari fat ki rubuta HTML, kod ɗin ƙashin shafi, mai ma'ana da hannunki, kan magana ya zama kan magana, maɓalli ya zama maɓalli ba div da aka yi wa kwalliya ba, ki iya CSS, kod ɗin kamannin shafi, har ki fahimci flexbox da grid da yanda shafi ke daidaita kansa da faɗin sikirin, tunanin da Ethan Marcotte ya raɗa wa suna "responsive web design" a 2010 wanda yanzu ba a ma tambaya, dole ne, tunda Google sigar waya yake dubawa wajen jera shafuka. JavaScript daidai gwargwado, ki iya karanta shi ki gyara ki rubuta ƙaramin abu. Git kuma, abin ajiye tarihin canje-canjen kod, ki koye shi tun kafin ki je, dan shi ne ke sa sababbi kuka a satin farko ba kod ɗin kansa ba. Tunda WordPress a kan PHP da MySQL yake, ki daure ki gina tim, wato rigar kamannin shafi, guda ɗaya daga tushe ba Elementor, ki yi nau'in kontent naki da gurabensa, ranar da kika yi wannan za ki gane ashe shekara uku kina tuƙa mota ba ki taɓa buɗe bonet ba. Shafukan koyon kod na MDN da freeCodeCamp kyauta ne, wata uku zuwa huɗu kina ba shi awa biyu kullum sun ishe ki shiga aji ba tare da jin kunya ba.

A ajin za ki ji ana ta maganar CMS, wato manhajar kula da kontent, mara kai, irin su Contentful da Strapi da Sanity, ma'ana kontent yana zaune a rumbu ɗaya ba ruwansa da kamanni, shafin intanet ya ja, manhajar waya ta ja, allon talla ya ja. Kar sunan ya tsorata ki, a irin wannan tsarin ma in ba a tsara guraben da kyau ba komai rushewa yake, kinga mun sake dawowa wajenki. Za a kuma taɓo Drupal, wanda Dries Buytaert ya fara a 2001, jami'o'i da gwamnatoci na sonsa saboda ƙarfinsa wajen tsara nau'o'in kontent da ikon ma'aikata. WordPress da ya fito a 2003 shi ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, dan haka duk wanda ya ce miki abin yara ne ki ƙyale shi. Saurin buɗewa ma ana aunawa, Google na so babban abin da ke feji ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma sau da yawa mai laifin hoto ne da aka ɗora kai tsaye daga kyamara ba a rage masa nauyi ba, wato nan ma tarbiyyar masu saka kontent ce ba kod ba.

Wajen zaɓen kwas kuma, kar ki maƙale wa suna. Kwasa-kwasan da ke ɗauke da wannan sunan sak ba su da yawa, abin yana ɓuya ne a ƙarƙashin wasu sunaye, wani wurin HCI wato mu'amalar mutum da kwamfuta, irin na Carnegie Mellon a Amurka ko UCL a Landan, wani wurin UX wato yanda mai amfani ke jin abu a hannunsa, wani dijital midiya, wani kuma a sashen kimiyyar bayanai, wanda ma gidanku ne. MA yawanci ya fi karkata ga zane da sadarwa, MSc ga fasaha da bincike, amma ba doka ba ce, jerin modul ne zai faɗa miki gaskiya. A Birtaniya mastas shekara ɗaya ne in cikakken lokaci, kiredit 180, yawanci 60 daga ciki na babban furojet ne, kuma akwai matakala, kiredit 60 satifiket ne na PGCert, 120 difloma ce ta PGDip, wasu makarantun suna bari ki fara da ƙaramin in kin ga da amfani ki ɗora. A yawancin ƙasashen Turai shekara biyu ne kiredit 120 na ma'aunin Turai mai suna ECTS, Amurka kuma tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu. Ke da ke da kwastomomi a hannu, na wucin lokaci ko na onlayin zai iya fi miki, kina koyo da daddare kina gwadawa a aikin gaske da safe, sai dai ki tabbatar akwai zaman da ake duba aikinki kai tsaye ana suka, in bidiyo ne kawai aka ɗora da kacici-kacici to YouTube ne mai tsada. Ki kuma tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar ta san da makarantar.

Kafin ki biya ko sisi ki tura musu imel ki ce su ba ki linkin furojet ɗin ɗaliban bara. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce. In suka ba ki, ki buɗe a wayarki, ki bi da Tab, ki ga ko suna raye ma. In suka fara kame-kame kin samu amsa, kar ki sayi kifi a ruwa. Ki duba su waye malaman, yaushe rabon ɗayansu da ya gina wa wani shafi na gaske. In kika ga Dreamweaver, tsohuwar manhajar gina shafi, a gaba-gaba cikin silabus, an daɗe ba a share ɗakin ba. Ki tambaya ko ana aiki da ƙungiya ta waje a matsayin kwastoma, sannan ki nemi tsofaffin ɗalibai biyu a LinkedIn ki tambaye su me suke yi yanzu, sun fi burosha faɗin gaskiya. Wajen neman adimishan kuma fotfoliyonki zai yi magana, amma kar ki jera hotunan shafi goma, ki ɗauki uku ki ba da labarin kowanne, me aka kawo miki, me kika tarar, me kika yanke, me ya canza, har kuskuren da kika yi ki faɗa. Digirin laburaren nan ki sa shi a gaba kar ki ɓoye shi.

Shin masu ɗaukar aiki sun damu da takardar? In gina shafuka za ki ci gaba da yi wa ƙananan 'yan kasuwa, gaskiya a'a, ban taɓa ganin kwastoman da ya ce in nuna masa satifiket ba, aikin baya yake tambaya. Kuma wannan kasuwar matsewa take yi, Wix da Squarespace sun daɗe suna gutsurarta, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma kowa na iya cewa a zana masa feji a ba shi kod nan take. Inda takardar ke buɗe ƙofa shi ne manyan wurare, jami'o'i, gwamnati, bankuna, kafafen yaɗa labarai, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, inda ake neman mai binciken masu amfani ko mai tsara kontent ko mai kula da dukkan shafukan ma'aikata, da kuma in kina da niyyar koyarwa ko PhD, nan kam ba makawa. A irin wuraren nan aikin ba zana feji ba ne, shiga tsakanin sassa biyar ne kowanne na son nasa ya hau fejin farko, ki fito da hujja ki ce ga abinda mutane ke zuwa nema. Na'ura za ta rubuta miki feji ɗari cikin minti, amma ba ita za ta je ofishin darakta ta ce masa jawabinsa na maraba ba mai karantawa a sauke shi ba. In kuma bashi za ki ci mai nauyi da tunanin kina gamawa aiki na jiranki, a nan zan ce ki dakata, ki fara da PGCert ko ki nemi sikolaship tukuna.

In kin shiga, babban furojet ɗin shi ne abinda za ki fita da shi a hannu, kar ki ɓata shi a kan kamfanin ƙarya da kika ƙirƙira mai feji biyar. Ki nemi ƙungiya ta gaske mai tarin shirgi, ki auna yanda mutane ke shan wuya kafin ki taɓa komai, ki gyara, ki sake aunawa. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri tunda da mutane za ki yi gwaji, yana cin lokaci, na ga ɗaliban da wannan kaɗai ya cinye musu rabin wa'adinsu, kuma in a Turai ne dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 na kan duk bayanin mutanen da kika tattara har muryarsu da kika naɗa.

Ga gwajin da nake ba duk wanda ya zo min da irin tambayarki. Ki ɗauki shafi mafi girma cikin waɗanda kika gina, ki buɗe Excel, kowane feji layi ɗaya, adireshinsa, dan wa aka yi shi, waye mai shi, yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, a bari ko a gyara ko a goge. Wasu a layi na talatin suke gajiya su ce su dai zane suke so, su kwas ɗin zane ya kamata su nema ba wannan ba. Ke ina zargin za ki kai ƙarshe har ki fara ƙara ginshiƙan da ban ce ba. In kin gama ki turo min jerin modul na kwasa-kwasan da kike dubawa, da wanda kika fi karkata gare shi, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.